Barbara McClintock: Matar Da Ta Shafe Rayuwarta Tana Karatun Ƙwayar Masara

A wannan mako filin namu na tarihin mashahuran mutane zai tsallaka teku zuwa ƙasar Amurka, domin kawo wa masu karatu, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwa da masu awo na Tasawa da Mayahi da kewaye, labarin wata mata da ta yi fiye da shekara 60 tana hulɗa da masara. Tana shuka ta da hannunta, tana girbe ta, amma ba ta taɓa kai ko tiya ɗaya kasuwa ba. Ƙwayoyin take zubawa bisa tebur tana duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma da haka ta samu lambar yabo ta Nobel, wadda babu kamarta a fagen ilimin likitanci a duniya. Sunanta Barbara McClintock.

Duk wadda ta saba auna masara ta san cewa a cikin tiya guda ta fara ba a rasa 'yan ƙwayoyi ja ko ruwan ɗorawa. Wannan ba ya ba manomi mamaki, domin kowace ƙwaya a jikin goyo da nata uban, gwargwadon bununin da iska ta kwaso, wataƙila ma daga gonar maƙwabci. Amma akwai irin masarar da za a ga ƙwaya ɗaya tak tana ɗauke da launi biyu, fara ce amma da ɗigo-ɗigo a jikinta kamar gashin zabuwa. To, ƙwaya ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya, me ya sa wani gefenta ya yi launi wani gefen ya ƙi? Wannan ce tambayar da Barbara ta bi. Mai karatu zai ga a gaba cewa tambayar 'yar uwa ce ga wata da ta fi damun gidajenmu, wato me ya sa jaririn da aka haifa da cutar sikila, wadda a Nijar aka fi sani da emasi, yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai daga baya hannuwa da ƙafafu su fara kumbura?

Haihuwa da tasowa

An haifi Barbara ranar 16 ga watan Yuni na shekarar 1902 a garin Hartford da ke jihar Connecticut. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya huɗu na wani likita mai suna Thomas Henry McClintock da matarsa Sara. Eleanor aka raɗa mata da farko, amma iyayen suka ga sunan ya yi wa halinta sanyi, sai suka canza mata zuwa Barbara.

Ko da yake uban likita ne, a lokacin bai riga ya kafu ba, gidan kuwa ana cikin matsi. Saboda haka tana da kimanin shekara uku aka ba da ita riƙo wajen wasu 'yan uwa, ba ta dawo ba sai da ta isa shiga makaranta. Mai riƙon nata ɗan kasuwa ne, mai sayar da kifi, kuma yarinyar ta riƙa bin sa a keken doki zuwa sari da kuma zagayen kai wa masu saye. A shekarar 1908 iyalin suka koma unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Ta taso yarinya mai son zama ita kaɗai, mai son wasan da a wancan zamani ake ganin na maza ne, kuma tsakaninta da mahaifiyarta ba a cika jituwa ba.

Da ta gama sakandare a 1919 ta ce ita jami'a za ta. Uwar ta ƙi, bisa tsoron da har yau ba baƙo ba ne a wajenmu, cewa 'ya mace in ta yi zurfi a boko ba za ta samu mijin aure ba. Ana cikin haka uban ya dawo daga Faransa, inda ya yi aikin likitan soja a yaƙin duniya na farko, ya goyi bayan 'yarsa. A wannan shekarar ta shiga kwalejin aikin gona ta Jami'ar Cornell. A 1921 ta ɗauki darasin ilimin gadon halitta a wajen wani malami mai suna Hutchison, wanda ya ga hazaƙarta har ya buga mata waya a farkon 1922 yana gayyatarta ajin manyan ɗalibai. Ta samu digirin farko a 1923, na biyu a 1925, na dakta kuma a 1927.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a ɗan yi bayanin kayan aikinta. Jikin mutum da na dabba da na tsiro an gina su ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda ake kira tantanin halitta. A cikin kowane tantani akwai wasu zaruruwa da masana ke kira kuromosom. Mutum yana da 46, rabi daga uwa rabi daga uba, masara kuwa tana da 20, wato goma sau biyu. A jikin zaruruwan nan ne ƙwayoyin gado suke jere kamar 'ya'yan carbi, kuma kowace ƙwaya umarni ce, wannan ta launin fata, waccan ta jini, wata ta tsawon kara. A zamanin da Barbara ta fara aiki, masana sun ɗauka kowane ɗan carbi yana nan daram a gurbinsa, ba ya motsi har abada.

A lokacin babu wanda ke iya bambanta zaruruwan masara goman nan ɗaya daga ɗaya. Barbara ta gyara hanyar rina su, ta zaɓi lokacin da suka fi fitowa sarai, kuma zuwa 1929 ta iya nuna kowannensu da tsawonsa da kamanninsa, kamar yadda mai kiwo ke sanin awakinta ko da duk jajaye ne. A 1931 ita da wata ɗalibarta mai suna Harriet Creighton suka nuna da hujjar ido cewa zaren da aka gada daga uwa da wanda aka gada daga uba sukan yi musayar guntaye kafin a miƙa su ga 'ya'ya. Wannan aiki har yau ana koyar da shi, kuma shi ne bayanin abin da kowa ke gani a gida, cewa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama kamar an buga su da hatimi.

Suna ya fita, aiki babu

Duk da wannan suna, Cornell ba ta ba ta kujerar farfesa ba, domin a wancan zamani ba a cika ba mata irin wannan matsayi a fagen ba. Abokan aikinta maza irin su George Beadle da Marcus Rhoades suka samu gurabe suka wuce, ita kuwa ta shiga rayuwar tallafin bincike na shekara ɗaya ko biyu, tana tuƙa tsohuwar motarta ƙirar Ford daga wannan jami'a zuwa waccan. A 1933 ta samu tallafin zuwa Jamus, sai ta tarar Hitler ya hau mulki ana korar malamai Yahudawa daga jami'o'i, abin ya dame ta ƙwarai, ba ta daɗe ba ta komo gida.

A 1936 Jami'ar Missouri ta ɗauke ta ƙaramar farfesa. A can ta yi bincike kan abin da ke faruwa idan zaren gado ya tsinke, inda ta gano cewa tsinkakken baki yakan manne da wani tsinkakken, ya sake tsinkewa idan tantani ya zo rabuwa, haka dai ake ta yi, alhali lafiyayyen zare yana da wani abu a bakinsa da ke hana shi mannewa, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware. Masu binciken ciwon daji a yau suna ganin irin wannan tsinkewa da mannewa a cikin ƙari iri-iri. Sai dai zaman Missouri bai yi mata daɗi ba. Ba a kiranta taron malamai, ba ta kuma ga alamar ƙarin girma ba, ga shi ita ba mai iya lallashi ba ce, abin da ke ranta shi take faɗa. A 1941 ta tattara nata ya nata ta bar wurin ba tare da ta san inda za ta ba.

A ƙarshen wannan shekara ta samu wuri a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, a bakin teku, gabas da birnin Niyok, ƙarƙashin gidauniyar Carnegie. An ba ta ɗakin bincike da 'yar gona da albashi, ba koyarwa, ba taro. Nan ta zauna shekara 50. A 1944 aka zaɓe ta cikin majalisar masana kimiyya ta ƙasar Amurka, ita ce mace ta uku da ta taɓa shiga, a 1945 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana gadon halitta ta ƙasar.

Aikin gonar nan ba na raggo ba ne. Masara sau ɗaya take yi a shekara a can, don haka kowace tambaya sai an jira shekara kafin a ji amsarta, in kuwa fari ko tsuntsaye suka yi ɓarna, shekarar ta tafi. Kowane kara da lambarsa da katinsa. Takan rufe goyo da jakar takarda tun kafin gemu ya fito don kada baƙon bununi ya faɗa masa, sannan ta ɗebo bununin karan da ta zaɓa ta barbaɗa da hannunta. Da damina tana gona tun da sassafe, da hunturu tana kan madubi tana ƙirga ɗigo.

Ɗan kasuwar da ke tare ƙofar wani

A daminar 1944 ta shuka wasu iri da ta san zarensu na tara ya taɓa tsinkewa. Da suka tsiro sai ta ga ganyayyaki da zane-zane iri-iri, kuma abin da ya ja hankalinta shi ne zanen yana da tsari. A wani ganyen za a ga ɓangare biyu maƙwabtan juna, ɗaya ɗigonsa ya yi yawa, ɗayan ya yi ƙaranci, kamar dai lokacin da tantani ɗaya ya rabu biyu wani ya samu abin da ɗan uwansa ya rasa. Ta yi shekara huɗu tana bin sawun wannan abu.

Abin da ta gano zuwa 1948 ya fi sauƙin fahimta idan aka kwatanta da kasuwa. A ɗauka kowace ƙwayar gado rumfa ce mai kayanta, kuma akwai rumfar da aikinta shi ne fitar da launi. Sai ga wani ɗan tebur marar rumfar kansa ya zo ya kasa kayansa daidai ƙofar mai launi. Kayan mai rumfa suna nan ba abin da ya same su, amma ciniki ya tsaya, don haka ƙwayar masara ta fito fara. Wannan ɗan tebur Barbara ta sa masa suna Ds. Shi kuma ba ya iya tashi da kansa sai wani na biyu, wanda ta kira Ac, yana cikin kasuwar. Idan Ac yana nan, a wani tantanin sai Ds ya kwashe kayansa ya koma wata ƙofar, rumfar launi ta buɗe, kuma duk tantanin da suka fito daga wannan za su yi launi. In ya tashi da wuri, tun ƙwayar tana ƙarama, sai a ga babban tabo. In ya makara, sai a ga ƙananan ɗigo. Da girman ɗigo da yawansa take gane lokacin da abin ya faru da kuma sau nawa. Ashe dai wasu 'ya'yan carbin suna barin gurbinsu su koma wani wuri, har ma su tsallaka wani zaren daban.

Ta buga sakamakon a 1950, sannan a 1951 ta gabatar da shi gaban babban taron masana a Cold Spring Harbor. Jawabin ya yi tsawo, cike da lissafi da sunayen da ita kaɗai ta saba da su, kuma akasarin masu sauraro ba su fahimce ta ba. Ta sake gwadawa, amma waɗanda suka nemi kofen rubutunta ƙalilan ne. Daga 1953 ta daina aika wannan bincike ga manyan mujallu, sai dai ta rubuta a rahoton shekara na gidauniyar da ke biyanta.

An sha ba da labarin nan kamar an ɗauke ta mahaukaciya an yi watsi da ita, amma masanin tarihi Nathaniel Comfort, wanda ya bi takardunta ya fitar da littafi a 2001, ya nuna abin bai kai haka ba. Masana masara sun yarda cewa ƙwayoyin gado na tsalle, har wani mai suna Brink a Jami'ar Wisconsin ya ga irin haka a tasa gonar tun 1952. Abin da aka ƙi karɓa shi ne fassarar da ta yi wa abin. Ita a wajenta tsallen ƙaramin al'amari ne. Babbar maganarta ita ce, tunda kowane tantani a jiki yana ɗauke da rumfuna iri ɗaya cif, to abin da ya bambanta saiwa da ganye, ko ido da hanta, shi ne waɗanne rumfuna aka rufe, waɗanne aka bari a buɗe, da kuma yaushe. Ta kuma ɗauka cewa 'yan teburin nan nata su ne masu wannan aiki na rufewa da buɗewa. A nan, in za a faɗi gaskiya, ta zarce inda hujjarta ta tsaya, domin daga baya an gano masu makullin na ainihi wasu ne daban. Amma tambayar da ta riƙe ita ce daidai, a lokacin da hankalin kusan kowa ya tafi ga sanin abin da ke cikin rumfar kawai.

Akwai kuma wani abu da ta lura da shi a shekarun 1950 da 1960 wanda ya fi kusa da batunmu. Ta ga wani lokaci ɗan teburin yakan yi shiru yana nan a wurinsa, bai tashi ba, bai lalace ba, kamar an ɗaure shi, kuma shirun yakan bi iri har zuwa shuka ta gaba, sannan wata rana ya farka. Sai a shekarun 1980 aka gano cewa tantani ne da kansa ke liƙa masa wata alama ta sinadari da ke hana a karanta shi.

Daga 1957 ta karkata ga wani aikin, tana zuwa Meziko da ƙasashen kudancin Amurka, inda masara ta samo asali, tana nazarin ire-iren masarar gargajiya tare da horar da matasan masana na can. A 1961 wasu Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, suka nuna a jikin ƙwayar cuta ta bakteriya cewa akwai wani sinadarin da tantani ke ƙerawa, wanda daga baya aka tabbatar furotin ne, wanda aikinsa kawai shi ne ya hau kan zaren gado ya rufe wata rumfa. A shekarar dai wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Lyon ta bayyana cewa a jikin kowace mace, a kowane tantani, ana kulle ɗaya daga cikin zaruruwan X biyu da take da su tun tana ciki. Shi ya sa kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970 aka ga ƙwayoyin gado masu tsalle a bakteriya, har da masu ɗauke da ƙarfin bijire wa magani, sannan a ƙuda da yis. Sai aka tuna da tsohuwar nan mai gonar masara.

A 1981 kyaututtuka suka yi ta zuwa, ciki har da na gidauniyar MacArthur mai dala 60,000 duk shekara har ƙarshen rai. A watan Oktoba na 1983, tana da shekara 81, ta ji a rediyo cewa an ba ta Nobel, ita kaɗai ba tare da an haɗa ta da kowa ba, abin da wata mace ba ta taɓa samu ba a ɓangaren likitanci. A safiyar ta fita yawonta na kullum cikin itatuwa tana tsintar 'ya'yan itace. An rubuta a takardar kyautar cewa don gano ƙwayoyin gado masu motsi ne, wato tsallen da ita ba ta ɗauke shi babban abu ba. Ta ci gaba da zuwa ɗakin bincike har kusan ƙarshe. Ta rasu ranar 2 ga watan Satumba na 1992 a asibitin garin Huntington, tana da shekara 90. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba.

Masu makulli a jikin ɗan Adam

Tun tana da rai, a 1988, wasu likitoci a Amurka suka samu yara biyu masu cutar rashin daskarewar jini, waɗanda aka gano ɗan tebur irin nata ne ya faɗa tsakiyar ƙwayar gadon da ke sa jini ya daskare. Da aka karanta zaren gadon mutum a 2001, sai aka tarar kusan rabinsa irin waɗannan ne ko ɓurɓushinsu, a masara kuwa sun kai kimanin kashi 85 cikin ɗari. Abin da ya hana su yi ta ɓarna shi ne akasarinsu sun tsufa sun lalace, sauran kuma akwai furotin masu gadi da ke danne su dare da rana.

Irin waɗannan masu makulli su ne ke tsara ginin jiki. Mutum yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kuma dukkansu suna cikin tantanin ido kamar yadda suke cikin na ƙashi. Akwai wata ƙungiyar furotin mai suna Polycomb da aka fara gano ta a jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Idan ta samu matsala sai sassan jikin ƙudan su rikice, wata gaɓa ta ɗauki kamannin wata. A jikin mutum ita ce ke taimaka wa tantani ya tuna ko shi wane ne, ta hanyar kulle rumfunan da ba nasa ba. Idan aka haifi yaro da tangarɗa a wani ɓangarenta mai suna EZH2, yakan yi girman da ya wuce kima tare da jinkirin koyo, idan kuma ɓangaren ya yi ƙarfi fiye da kima a jikin babba, yana kulle rumfunan da ke tsawata wa tantani, abin da ake gani a wasu nau'o'in ciwon daji na kaluluwa.

To, yanzu sai mu dawo kan jaririn nan mai emasi. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iska mai suna himogulobin, kuma iri biyu ne, na ɗan tayi da na babba. Matsalar emasi tana cikin na babba ne kawai, shi ne ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe jijiya. Tun a 1948, shekarar da Barbara ta ga tsallen Ds, wata likitar yara mai suna Janet Watson, a unguwar Brooklyn ɗin nan da Barbara ta taso, ta lura cewa jinin jarirai sabbin haihuwa ba ya cika lanƙwashewa, ta kuma danganta haka da himogulobin na ɗan tayi. Jariri yana zuwa duniya da shi da yawa, amma a cikin watanni shida na farko sai ya yi ta raguwa, har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a jikin babba mai lafiya. Daidai lokacin ne uwa ke fara ganin kumburin hannu da kukan da ba ya tsayawa, wasu su ce maita ce ko iska. Rumfar ta ɗan tayi tana nan a jikin yaron da kayanta, kulle ta aka yi.

Sai da aka yi shekara 60 kafin a kama mai makullin. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin da abokan aikinsu a birnin Boston suka nuna cewa wani furotin ne mai suna BCL11A. Barbara ba ta taɓa aiki kan jini ba, ba ta kuma san wannan suna ba, amma abin da ta yi ta faɗa ke nan, cewa rufewa da lokacin rufewa su ne maganar. An kuma daɗe da sanin cewa masu emasi da makullinsu bai kama sosai ba, kamar da yawa daga mutanen gabashin Saudiyya da wasu a Senegal, ciwon yakan zo musu da sauƙi.

Kawar da BCL11A gaba ɗaya ba zai yiwu ba, domin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna buƙatarsa, kuma yaran da aka haifa da shi a raunane sukan yi jinkirin magana da koyo. Dabarar da aka samu ita ce a ɗebo uwayen ƙwayoyin jini na majiyyaci, a yanke ɗan wurin da ke kunna BCL11A a cikin jajayen ƙwayoyi kaɗai, a share ɓargon da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da su. Wata Ba'amurkiya mai suna Victoria Gray ce mai emasi ta farko da aka yi wa haka a 2019. Ingila ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a watan Nuwamba na 2023, Amurka kuma a watan Disamba. Akasarin waɗanda aka yi wa a gwaji sun daina samun tashin ciwon. Sai dai kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne kan mutum ɗaya, wanda ya haura sefa biliyan guda, ga kwanciyar asibiti ta makonni, ga shi maganin share ɓargon yana iya hana haihuwa. Ga mai sayar da tabarmar kaba a Mayahi, wannan labari ne na jin kunne, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da cutar a duniya a Afirka suke, Nijeriya ce kuma kan gaba.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne wata tsohuwar ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya, wadda Amurka ta amince da ita ga masu emasi tun 1998. Ita ma wani ɓangare na aikinta shi ne ƙara yawan himogulobin na ɗan tayi, wato tana ɗan sassauta makullin ba tare da ta karya shi ba. An gwada ta a kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna raguwar tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace, har ma da zazzaɓin cizon sauro. An kuma gwada ta a Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, a kan yaran da awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ba magani ba ne da za a saya a tebur a kasuwa, domin sai likita ya auna nauyin yaro ya tsara masa, ana kuma duba jininsa lokaci lokaci. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu emasi a Yamai, awon jini kuma shi ke nuna ko mutum AA ne ko AS ko SS. Idan mata da miji duka AS ne, kowane ciki da aka ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko da 'ya'yan farko duk sun zo lafiya.